Kafin Ka Sayi Ɗan Kwikwiyon Nan: Karen Kiwo Ko Karen Ƙanƙara?

Ƙannena na Adjamé da Treichville, akwai wani ciniki da ya shigo wayoyinku a 'yan shekarun nan, wanda iyayenku da suka zo Abijan da fataucin goro da shanu ba su san shi ba, wato cinikin 'yan kwikwiyon Turai. Ana baza hotunansu a Facebook da TikTok da zaurukan WhatsApp, kuma iri biyu ne suka fi ɗaukar idon samari. Akwai wanda masu sayarwa ke kira berje, karen makiyayan Turai, ko dai na Jamus mai baƙin baya, ko malinuwa na Beljiyam mai jan gashi gajere. Akwai kuma huski, mai shuɗin ido da fuska irin ta kyarkeci, wanda aikin kakanninsa shi ne jan amalanke marar ƙafa a kan ƙanƙara. Saurayi ya tara 'yan kuɗinsa daga gyaran waya ko sayar da atamfa a kasuwar Adjamé, sai ya shiga tambayar abokai wanne ya fi kyau. Ni dai shawarar da zan ba shi ita ce ya fara da tambayar kansa wane aiki karen zai yi masa. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan karnuka an shafe zuriya bayan zuriya ana tace shi domin wani aiki takamaimai, har aikin ya zauna a gashinsa da ƙashinsa da halinsa. Aikin ɗaya yana da makamanci a garin nan, na ɗayan kuwa ba shi da shi ko kaɗan, kuma daga nan hukuncin yake fitowa.

Mu fara da huski, tun da shi ne ya fi ruɗin ido. Asalinsa na mutanen Cukci ne, mazauna ƙurewar arewa maso gabashin Saberiya, ƙasar da ƙanƙara ke rufewa mafi yawan shekara. Abin da suka nema a wurin kare shi ne ya ja kaya marar nauyi sosai, ya yi tafiya mai nisa cikin ayari da 'yan uwansa, ya jure sanyi da ƙarancin abinci. An kai irinsa Alaska a farkon ƙarni na ashirin domin tsere, kuma duniya ta san shi sosai a shekarar 1925, lokacin da cutar mashaƙo, wadda ta addabi Kano a 2023, ta ɓarke a garin Nome na Alaska a tsakiyar hunturu. Jirgin ruwa ba ya iya shiga, teku ta daskare. Sai aka ɗauko maganin daga garin Nenana, direbobin amalanke ashirin da karnuka kimanin 150 suna miƙa wa juna, suka ci tafiyar kilomita 1,085 cikin kwana biyar da rabi, a sanyin da ya haura awo 40 ƙasa da sifili. Karen da ya fi kowanne tafiya a cikinsu, Togo na Leonhard Seppala, shekararsa goma sha biyu a lokacin. Wannan dabba ce abar girmamawa, kuma ban kawo labarin don in rage mata daraja ba. Na kawo shi ne don ku ga abin da aka gina a jikinta: gashi hawa biyu, na ciki lallausa mai riƙe ɗumi da na waje mai kore ruwa, ƙirji da ƙafafu masu neman gudu kullum, da zuciyar da ta saba fuskantar gaba. Karen da ke jan amalanke bayansa yake bai wa ubangidansa, idonsa na kan hanya. Makiyayi kuwa ba zai iya aiki da kare mai irin wannan hali ba ko na wuni guda.

Karen kiwo na Turai an tace shi ne a kan akasin haka. Fulaninmu da sanda da murya suke sarrafa shanunsu, amma makiyayan tumaki na Jamus da Beljiyam da Ingila kare suke aikawa ya zagaye garke, ya hana shi shiga gonar mutane, ya dawo da wadda ta ɓalle. Kare ba zai iya wannan ba sai idonsa na kan mai shi, kunnensa na jiran fito ko kira, kuma yana da kishin abin da aka ba shi amana. A 1899 wani tsohon hafsan sojan doki na Jamus, Max von Stephanitz, ya sayi wani kare a bajekolin karnuka na Karlsruhe, ya sa masa suna Horand, ya kafa ƙungiyar da ta tsara irin da ake kira berjen Jamus a yau. Da ya ga masana'antu suna cinye makiyaya, kiwon tumaki yana ja baya, sai ya shiga tallata karen ga 'yan sanda da soja, kuma ya karɓu. Dalilin karɓuwar shi ne abin da ya shafe ku: halin kiwo, wato sauraron umarni da tsare iyaka da lura da baƙon motsi, ana iya juya shi zuwa gadin gida ko shago ko ma'ajiyar kaya. Babu tumakin da za ka kora a Avenue 16 ta Treichville, amma akwai ƙofa da za a tsare. Halin jan amalanke kuwa babu abin da za a juya shi ya zama a Abijan, sai gudu kawai, kuma gudun nan shi ne babban haɗarinsa.

Ga yadda abin yake. Ɗan Adam yana zufa ta dukan jikinsa, kare kuwa zufarsa 'yar kaɗan ce a tafin ƙafa, da haki yake sanyaya kansa. Yana fitar da harshe, ruwan bakinsa da na maƙogwaronsa yana bushewa, zafin yana tafiya tare da tururin. A Maraɗi ko Sakkwato, inda iska take a bushe, wannan dabara tana aiki duk da tsananin rana. Abijan kuwa tana zaune tsakanin tafkin Ebriye da teku, ɗanshin iskarta yakan kai kashi 80 cikin ɗari ko fiye, zafin rana a watannin Fabrairu zuwa Afrilu yana haura awo 30, dare ma ba ya yin sanyin kirki. Iskar da ta riga ta ƙoshi da ruwa ba ta ɗaukar wani, don haka kare ya yi ta haki a banza. Zafin jikinsa na lafiya yana tsakanin awo 38 da 39, in ya wuce 41 ƙoda da hanta da ƙwaƙwalwa suna fara lalacewa. Ku dubi huski a tsakar gidan haya da azahar, kwanon rufi ya ɗau zafi, simintin ƙasa yana ƙuna: ya shimfiɗa cikinsa a gindin famfo inda ruwan wanki ya jiƙa, harshe ya zazzago ya yi jajir, haƙarƙari yana sama da ƙasa da sauri, an ajiye masa abinci bai ko shinshina ba. Mai shi yana cewa lalaci ne. Ba lalaci ba ne, wahala yake sha. Wani bincike da likitocin dabbobi suka wallafa a Ingila a 2020 ya nuna cewa kusan kashi uku cikin huɗu na karnukan da zafi ya kayar, motsa jiki ne ya jawo musu, kuma wannan a ƙasa mai sanyi ke nan. To ka ga tarkon da mai huski yake shiga a nan: in ya fitar da shi ya yi gudun da jikinsa ke nema, yana wasa da ransa, in kuma ya kulle shi, ƙarfin da bai samu mafita ba zai koma kan katifa da takalma da ƙofa, ko ya haƙa rami a ƙarƙashin katanga ya fice.

Na san abin da wani zai ce, kuma yana da hujja. Zai ce ai ga huski nan suna rayuwa a Cocody da Riviera da Zone 4, har a Legas da Dubai, sumul da su. Gaskiya ne. Zai ƙara da cewa gashin nan mai hawa biyu yana kare fata daga rana kamar yadda yake kare ta daga sanyi, kuma a nan ma akwai ƙamshin gaskiya, shi ya sa aske shi ƙwal ba magani ba ne, yana barin fata a fili rana ta ƙone ta. Amma a duba yadda waɗancan karnuka suke rayuwa: ɗaki mai na'urar sanyi dare da rana, fili mai ciyawa da inuwa, mai kula da su da ke fitar da su da asuba kafin rana ta ɗaga, da likita a kusa. Wato kuɗi ne ake zubawa kullum don a ƙirƙira wa dabba yanayin da garin bai ba ta ba. Mafi ƙarancin albashi a Kodebuwa tun Janairun 2023 sefa 75,000 ne a wata. Saurayin da ke kwana da ƙannensa biyu a ɗaki guda, yana raba kuɗin wuta da maƙwabta, ya lissafa abin da na'urar sanyi za ta ci masa a wata, sannan ya tuna cewa kare yakan yi shekara goma ko fiye. Kuɗin sayen kwikwiyo shi ne mafi ƙanƙanta a duk abin da zai kashe.

Sai batun gadi, wanda shi ne hujjar da yawancinku kuke kai wa iyaye. Fuskar huski tana ba da tsoro, amma masu kiwonsa da kansu sun rubuta a siffofinsa cewa ba shi da halin karen gadi, ba ya zargin baƙo. Ya tashi cikin ayari, kowa nasa ne. Haushi ma bai cika yi ba, kuka yake yi mai tsawo irin na kyarkeci, musamman in an bar shi shi kaɗai, kuma kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. A gidan da iyali takwas ko goma suke tarayya a tsakar gida ɗaya, da mai jego da tsoho marar lafiya da direban motar gbaka da zai tashi tun kafin kiran salla, wannan kuka shiga haƙƙin maƙwabta ne. Ga shi da son farautar ƙananan dabbobi, kaza da kyanwa ba su da kwanciyar hankali kusa da shi, kuma ragon layya da aka ɗaure a tsakar gida ma sai an sa ido. Rigimar da za ta tashi ranar da ya yaga kazar maƙwabciya ta fi ƙarfin ban haƙuri, ko da an biya kuɗin kazar.

Ba zan tsallake addini ba, domin da yawanku a gidajen Malikiyya kuka tashi, kuma za a yi muku tambayar. Mazhabar Imamu Malik tana da sauƙi a kan jikin kare mai rai, ba ta ɗauke shi najasa ba. Amma hadisai ingantattu sun nuna cewa ajiye kare ba don farauta ko kiwo ko tsaron gona ba yana rage ladan mutum kowace rana, kuma Risala ta Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani, wadda ake karantawa a zaurukanmu, ta bi wannan hanya. Malamai da dama sun yi ƙiyasin gadin gida a kan waɗannan ukun idan akwai tsoro na gaske, har masu sharhi suna ba da labarin cewa shi kansa Ibn Abi Zaid ya ajiye kare lokacin da katangar gidansa ta faɗi. Abin lura shi ne, shari'a ma a kan aiki ta ɗora izinin. Wanda ya ajiye berje don tsare ma'ajiyar kayansa yana da abin faɗa a gaban malami. Wanda ya ajiye huski don a gan shi da shi a hoto, ban ga abin da zai faɗa ba. Kuma addinin da ya ba da labarin matar da aka yi wa azaba saboda ta kulle kyanwa har ta mutu, ya kuma ba da labarin wanda aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa, ba zai ɗauki wahalar da dabba da wasa ba.

Duk da haka, kada wani ya ji na ce berje ya fi dacewa ya ruga ya sayo. Cewa na yi ya fi huski dacewa da garin nan, kuma tsakanin wannan da dacewa da ɗakinka akwai tafiya. Kaifin hankalin da ya sa 'yan sanda ke son malinuwa shi ne yake mai da shi bala'i a hannun wanda ba shi da lokaci. Kare ne da ke buƙatar a fita da shi safe da yamma, a koya masa zama da tsayawa da sakin abin da ya kama, a saba masa da yara da baƙi tun yana ƙarami. In aka ɗaure shi da sarƙa a bayan shago wata da watanni, ana tsokanarsa wai don ya yi zafi, abin da za a samu dabba ce mai tsoro da cizo, kuma yawanci yaron gida take fara kamawa kafin ta taɓa ganin ɓarawo. Berje ma zafi yana damunsa, musamman na Jamus mai dogon gashi, don haka gajeren gashi ya fi. Na Jamus ɗin yana da gadon ciwon ƙugu, inda ƙashin cinya ba ya zama daidai a mazauninsa, kuma masu haɗa wa da ƙanwa don su samu na sayarwa da sauri suna ƙara yaɗa shi. Akwai kuma kaska. Ka buɗe kunnen kare a damina, ka duba tsakanin yatsunsa, za ka gan su jere, wasu ƙanana jajaye, wasu sun sha jini sun kumbura sun yi toka-toka. Suna ɗauke da wata cuta da aka fara ganowa a Aljeriya a 1935, mai kawo zazzaɓi da rama da haɓo, wadda ta kashe karnukan sojan Amurka da yawa a yaƙin Biyetnam, kuma berjen Jamus na cikin waɗanda ta fi yi wa illa. Abinci ma ba ragowar garba da aceke ba ne, domin albasa tana ɓata jinin kare, dafaffen ƙashin kaza kuma yana tsagewa ya huda hanji. Wanda zai saya ya ga uwar da idonsa, kada ya karɓi kwikwiyon da bai kai sati takwas ba, ya kuma nemi katin allurarsa mai hatimin likitan dabbobi.

Wani mai karatu zai kawo wata hujja da ta fi ta farko ƙarfi. A 2022 mujallar kimiyya ta Science ta wallafa wani babban bincike a kan dubban karnuka, wanda ya nuna cewa irin kare yana bayyana kusan kashi 9 cikin ɗari ne kawai na bambancin hali tsakanin kare da kare. To in haka ne, me ya sa zan yanke wa huski hukunci tun ba a gwada shi ba? Na yarda da binciken, kuma darasinsa ya fi hawa kan mai sayen berje, wanda yake zaton sunan iri kaɗai zai ba shi mai gadi ba tare da tarbiyya ba. Amma binciken a kan hali yake magana. Tarbiyya tana gyara hali, ba ta rage kaurin gashi, ba ta kuma busar da iskar Abijan. Har a cikin halayen ma, binciken ya samu cewa saurin bin umarni na daga cikin waɗanda aka fi gada, kuma yawan kuka ya fi fitowa a huski. Za a iya dacewa da huski mai shiru da biyayya, amma ba a gina shawarar shekara goma a kan dace.

Masu cewa za su saya ne don su riƙa sayar da 'ya'ya, su tuna cewa kasuwar yayi ce. Lokacin da fim ɗin Game of Thrones ya sa mutane a Amurka da Ingila suka rinƙa sayen huski saboda kama da kyarketan cikinsa, gidajen tsugunar da karnuka sun cika da waɗanda aka yasar, har ɗaya daga cikin 'yan wasan, Peter Dinklage, ya fito a 2017 yana roƙon jama'a su daina. Can akwai inda za a kai su. A nan, wanda aka gaji da shi titi ne makomarsa.

Akwai kare na uku da ba a saka hotonsa a waya, kuma ina ganin an raina shi ba bisa haƙƙi ba. Karen gida mai gajeren gashi da tsayayyen kunne, wanda mafarautanmu suka daɗe suna shiga daji da shi, ya yi zamani mai tsawo yana fama da zafinmu da kaskarmu, ba ya cin kuɗi da yawa, kuma baƙo ba ya taɓa ƙofa da dare bai sanar ba. A arewacin Tawa, a kwarin Azawak da ke tsakanin Nijar da Mali, Buzaye suna da dogon kare siriri mai tsare zango da garke, mai kamo zomo da barewa, wanda Turawa suka ɗauka suka yi masa rajista da sunan yankin, suna sayensa da tsada. Shi ma ɗan fili ne mai son gudu, ba na ɗakin haya ba, amma ya isa ya nuna cewa karen kirki ba sai ya sauko daga jirgi ba. Ɗan kwikwiyon gida da aka yi wa allura, aka ciyar, aka koya masa ladabi, zai tsare shago a Adjamé fiye da berjen da aka yi watsi da tarbiyyarsa.

Ko wanne ka ɗauka, akwai haƙƙi guda da ba na karen ba ne kaɗai, na unguwa ne baki ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe mutane kimanin 59,000 a shekara, kusan dukansu a Afirka da Asiya, kashi 40 cikin ɗari yara ne 'yan ƙasa da shekara 15, kuma kusan duka ta cizon kare ko yaƙushinsa cutar ke shiga. Da zarar alamunta sun bayyana a jikin mutum, da wuya ƙwarai ya tashi. Allurar rigakafi ana yi wa kwikwiyo ne daga wata uku, a riƙa sabuntawa yadda likita ya tsara, kuma tsadar iri ba ta ɗauke wa kare wannan. In kuwa kare ya ciji wani, naka ne ko na titi, ko da ƙwarzane ne, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na tsawon minti 15, kada a tsaya shafa toka ko ɗaure ciwon, a nufi cibiyar rigakafin haukan kare da ke Cibiyar Tsabtar Jama'a ta Ƙasa, INHP, a Treichville, a ranar da abin ya faru. Karen da ya yi cizon kuma kada a kashe shi ko a kore shi, a tsare shi wuri guda likitan dabbobi ya riƙa duba shi, domin halin da zai shiga a kwanakin da ke biye zai taimaka wa likitocin da ke kula da wanda aka ciza.